Kalmar "spring" a waƙoƙin Ingilishi: bazara ba ta ɗauke ta ba

Malam, na ga amsar da ka ba ɗalibar nan mai fassara tsoffin waƙoƙin Ingilishi, inda ka ce ta rubuta "bazara" duk inda ta ci karo da "spring", wato lokacin da ke biyo bayan sanyi a ƙasar Turawa, tunda haka aka saba a ƙamus da labarai. Allah ya gafarta Malam, a nan kam ban bi ka ba. Ga dalilina, mai gyara ya shigo.

Sauran lokutan ba su ba mu wahala sosai ba. "Autumn" kaka ce, babu ja. Waƙar da John Keats ya yi wa wannan lokaci a garin Winchester cikin Satumban 1819 cike take da abin da muka sani: rumbu, iskar sheƙa, mai kala da kaya a ka tana tsallake rafi. Su tuffa suke tarawa, mu gero, amma kaka ɗaya ce. "Winter" ma hunturu ya isa, ko da yake sanyinsu ya fi namu nesa ba kusa ba.

A "spring" ne keken ya tsaya.

Ɗauki Shelley, mawaƙin Ingila. A watan Oktoba na 1819, a kusa da birnin Florence na Italiya, ya yi waƙarsa ga iskar yamma. Shekarar ba ta yi masa daɗi ba: ɗansa ƙarami ya rasu a Roma cikin Yuni, a Agusta kuma sojojin doki suka afka wa taron jama'a a Manchester. Ya rufe waƙar da tambaya, cewa in "winter" ya zo, ashe "spring" zai yi nisa? Haƙuri yake ba kansa da masu saurarensa, yana nufin tsanani ba ya dawwama. To sa bazara a wurin, ka karanta wa mutumin Sakkwato ko Maraɗi: "In hunturu ya zo, bazara za ta yi nisa?" Wallahi gargaɗi zai ji. Bazara a kunnensa ita ce zafin da ke hana barci a ɗaki, a fito da tabarma tsakar gida, randa ta yi ɗumi, rijiya ta ja baya, sanƙarau da ƙyanda su shigo gari. Zai ɗauka mawaƙin cewa yake: kada ka yi kuka da sanyi, abin da ya fi shi yana tafe. An juya baitin gaba ɗaya, alhali ba a taɓa ko harafi ɗaya na nahawunsa ba.

Ranar 15 ga Afrilu 1802 mawaƙi Wordsworth da ƙanwarsa Dorothy suka ga furannin nan masu ruwan ɗorawa suna rausaya a bakin tafkin Ullswater, abin da daga baya ya zama waƙarsa da 'yan makaranta ke haddacewa. Tsakiyar Afrilu a Kano kuwa, ma'aunin zafi na taɓa 40, ba mai fita yawon kallon fure da rana tsaka sai wanda aka aika.

Na san hujjarka, Malam, kuma ba ta banza ba ce. Watannin sun yi daidai, Maris zuwa Mayu. Amma daidaiton kalanda ne kawai, shi ma a arewacin duniya. A Ostireliya da Afirka ta Kudu "spring" daga Satumba yake zuwa Nuwamba, lokacin mu muna tsakiyar kaka.

Wata Hajiya a wannan zaren ta kawo shawarar "farkon damina", kuma gaskiya ta fi kusa da zuciyar abin. Murnar da Bature ke yi da "spring" ita ce murnar manominmu ranar da aka yi ruwan shuka. Tana ma da tsohon mawaƙin Ingila Chaucer a bayanta, domin shi da ruwan Afrilu da ya kashe ƙishin Maris ya buɗe labaran matafiyansa na Canterbury, tun ƙarshen ƙarni na 14. Sai dai Hajiya, a yi mini afuwa, Ingila ba ta jiran ruwa. Ruwa suna samunsa kowane wata har ya ishe su. Abin da suke jira ɗumi ne da haske. A Landan, ƙarshen Disamba, yini bai cika awa 8 ba, kafin ƙarfe 4 na yamma rana ta faɗi, itatuwa tsirara ba ganye. In muka ce damina, mai karatu zai hango hadari ya haɗo daga gabas da ƙamshin ƙasa, ba wannan ne hoton da ke cikin waƙoƙin ba.

Wani ɗan'uwa ya ce mu ari "rabi'i" daga Larabci. Ma'anar daidai ce, ita ce a cikin sunan Rabi'ul Awwal. Matsalar, Bahaushe ya san kalmar a matsayin wata mai zagayawa, bana a damina, bayan wasu shekaru a hunturu. Wani ma Rabi'un unguwarsu zai fara tunawa.

Ni abin da nake ba da shawara shi ne toho. Lokacin toho.

Masu rubuta "tofo" ma ba su yi laifi ba, karin harshe ne. Kalma ce da kowa ya sani: itace ya kaɗe ganye ya tsaya kamar ya mutu, sai ka wayi gari ka ga ɗan ganye sabo, jaja-jaja, mai sheƙi, wanda in ka murza shi da yatsa sai ya narke don taushi. Wannan taushin nake so mu riƙe, domin a kansa mawaƙan suka rataya halin kirkin da suke wa'azi a kai. James Thomson, mutumin Sikotilan, ya yi wa kowane lokaci doguwar waƙa, ya fara da hunturu a 1726, ya haɗa su huɗu a 1730. A ta hunturu ya kawo mutumin da ya ɓace cikin ƙanƙara ya mutu, iyalinsa na gida suna jiransa, don ya tsikari masu hali da ba sa tuna talaka. A ta "spring", wadda ta fito a 1728, maganar ƙauna yake da sassauci, har yana kuka da masu kama tsuntsaye su kulle a keji. Lokaci ne na abu ƙarami mai rauni da ake so a tausaya masa. Bazara ba ta da wannan a jikinta ko kaɗan. Toho yana da shi.

Na san za a ce ai itatuwanmu ma a bazara suke toho, kafin ruwa ya sauka, ban da gawo mai yin nasa a baibai. Haka ne, kuma wannan ma riba ce: mun ciro daga cikin bazara ɓangaren da ya yi kama da nasu, mun bar zafin a inda yake.

Za a kuma ce toho ba sunan lokaci ba ne. To ɗari fa? Sanyi ne, kuma muna cewa "da ɗari" muna nufin lokacin. Kunne abin da ya saba yake bi. Me ya sa ban zaɓi "tsiro" ba? Tsiro na iri ne da aka binne, sabon abu daga ƙasa. Toho kuwa tsohon itace ne ya farfaɗo, wanda ya sha wuya bai mutu ba, kuma shi Shelley yake nufi.

Gwada baitin yanzu: "In hunturu ya kama, toho zai yi nisa?"

Ke kuma ɗalibarmu, a zube ki rubuta "lokacin toho", karon farko ki ƙara da cewa Maris zuwa Mayu ne a Ingila. A cikin baiti "toho" kaɗai ya wadatar, namiji ne, toho ya zo, toho ya wuce. In kin iso kan Shakespeare yana kwatanta abin ƙaunarsa da yinin "summer", don Allah kada ki sa rani, ki dawo nan mu buɗe wani zaren.