Abin da muka koya a wurin ubanninmu, da abin da sabon uba zai karanta ko ya saurara

Ɗan Birni:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar iyayena da yayyena a kan wani al'amari da ke damuna. Mahaifina ya rasu bara, a bana kuma Allah ya ba ni ɗa namiji, aka sa masa sunan marigayin. Mahaifina baduku ne a Birni, tsohuwar unguwar garin Damagaram, kuma mutum ne marar yawan magana, ban taɓa jin ya zaunar da ni ya yi mini doguwar nasiha ba. Duk abin da na samu a wurinsa a bakin aiki na same shi. Idan kirgi ya zo daga majema da tabo, sai ya juya shi ya nuna wa mai saye kafin a yi ciniki, ko da kuwa jan karan dafi ya riga ya rufe tabon. Idan salla ta matso, ba ya karɓar aikin da ya san ba zai gama ba, komai yawan kuɗin da aka ajiye masa.

Damuwata ita ce, ni aikin ofis nake yi, ina fita da safe ina dawowa bayan la'asar, saboda haka ɗana ba zai tashi yana kallon hannuna kamar yadda na tashi ina kallon na mahaifina ba. Ta wace hanya zan isar masa da abin da ni da ido na koya? Ina roƙon ku faɗa mini abin da kuka ɗauka a wurin ubanninku, da littattafai ko abin sauraro da za su taimaki wanda ya fara ɗaukar nauyin iyali.

Malam na Zango:

Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah ya jiƙan mahaifinka, ya raya takwaransa bisa sunna. Nawa mahaifin ɗan kasuwa ne a Kasuwar Dole, yana sayo yadi daga Kano. Abin da ba na mantawa shi ne watan Janairu na 1994, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi, farashi ya tashi cikin ƴan kwanaki. Akwai mutanen ƙauye da suka riga suka yi magana da shi a kan kaya, ba su biya ba, babu takarda, babu shaida. Ya ba su a kan tsohon farashi, da muka yi masa ƙorafi ya ce magana ta riga karyewar kuɗin. Mun ji jiki a wannan shekara, amma har ya bar kasuwa mutanen nan ba su tsallake rumfarsa zuwa ta wani ba.

Game da karatu, ka fara da Suratu Luƙman, daga aya ta 13 zuwa ta 19, ka nemi malami ya yi maka tafsirinsu a tsanake. Uba ne yake magana da ɗansa, kuma ka lura da yadda aka jera abubuwan. Ya fara da hana shirka, sai haƙƙin iyaye, sai sanin cewa ko aiki ya kai ƙanƙantar ƙwayar komayya Allah zai zo da shi, sannan salla da haƙuri, ya ƙare da tafiyar mutum da muryarsa, cewa kada ya yi taƙama kuma kada ya ɗaga murya. Bayan wannan ka nemi Ayyuhal Walad na Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111. Ƙaramin littafi ne da ya rubuta amsa ga wani almajirinsa, kuma ginshiƙinsa shi ne ilimin da ba a aiki da shi ba ya tsirar da mai shi. Arba'una ta Imam Nawawi kuwa, mai hadisi 42, ya kamata ta zama abin da ake karantawa a gida bayan magariba, hadisi ɗaya a zama ɗaya, da uwargida a wurin.

Abu na ƙarshe, kada ka yanke da abokan mahaifinka. A cikin Sahihu Muslim an ruwaito Abdullahi ɗan Umar ya haɗu da wani balaraben ƙauye a hanyar Makka, ya ba shi jakinsa da rawaninsa, saboda kawai mahaifin mutumin masoyin Umar ne. Idan yaron ya yi wayo, ka riƙa ɗaukarsa zuwa gaishe su ranar Juma'a, zai ji labarin kakansa daga bakin waɗanda suka zauna da shi.

Ƴar Mirriya:

Malam, Allah ya ƙara ilimi, na amfana. Ina da ɗan ƙari ga ƙanena, kuma ina fata ba za a ɗauke shi raina iyaye ba. Ba duk abin da ubanninmu suka yi ne ya kamata a maimaita ba, shirun nan da muke yabo yana da tsadarsa. Ni malama ce a lakwal, kuma ina ganin yara da yawa waɗanda ba su iya gaya wa mahaifinsu an kore su saboda littafi, ko suna fama da ciwo, sai dai ta bakin uwa, wani lokaci bayan abin ya yi nisa. A zamanin iyayenmu yaro yana wuni a gona ko a rumfa tare da uba, shirun bai hana su sanin juna ba. Yau idan uba ya yi shiru, salula ce za ta yi magana a madadinsa.

Mahaifina manomi ne, bai shiga aji ba, amma shi ya tsaya a kan sai na ci gaba da karatu lokacin da dangi suka ce ya isa. Kowace yamma yakan kunna rediyo ya kama sashen Hausa na BBC, wanda ya fara watsa shirye-shirye tun 1957, idan an gama labarai sai ya tambaye ni abin da na fahimta, ya saurare ni har in gama ko da shirme nake yi. A wurinsa na koyi cewa maganata tana da daraja, kuma wannan ne nake ganin za ka iya yi wa ɗanka ko da ba ya zuwa wurin aikinka. Ka gaya masa abin da ya faru da kai a wuni, har da ranar da aka kawo maka abin da bai halatta ba ka mayar.

Littafin da zan ba ka shawara shi ne Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fito a Zariya cikin littafi uku a ƙarshen shekarun 1930. Mutane sun fi tunawa da na farko, inda aku yake ba ɗan sarki labarai don ya hana shi fita, amma kai na uku ya fi dacewa da kai, domin a can akun ne yake koyar da ɗansa ta hanyar labari. Ka karanta da murya a tsakar gida tun kafin yaron ya iya karatu. Idan kuma kana jin Faransanci, ka nemi littafin André Salifou na 1971 a kan tarihin Damagaram a ƙarni na 19. Ɗan garin Damagaram ne, jami'armu ma sunansa take ɗauke da shi, kuma bai dace yaro ya tashi a Birni yana wuce ragowar ganuwa bai san Sarki Tanimun ba.

Direban Magariya:

Salamu alaikum. Ni karatuna bai yi zurfi ba, kunne ne makarantata, don haka a kan sauraro zan yi magana. Abin da na ɗauka a wurin mahaifina shi ne ba a kwana da bashin da ake da halin biya, kuma ba a cin abinci a gaban yaron mota ba tare da an ba shi nasa ba. Shi ma direba ne, kuma yaransa da suka zama masu motocin kansu har yanzu suna zuwa gaishe da mahaifiyarmu.

A hanya ina sauraron tafsirin watan azumi da na tara a waya, ina bi daga farko a jere, ba na tsinto guntaye daga WhatsApp, domin guntun wa'azi yakan bar mutum da zafin rai ba tare da fahimta ba. Sai kuma waƙoƙin Imfiraji na Aliyu Namangi, makahon malamin Zariya, waɗanda muka taso muna ji a bakin makafi a tasha. Suna sanyaya zuciya a kan sha'anin duniya da mutuwa, kuma Hausarsu tana gyara harshen mai sauraro.

Ƙanena, tunda Malam ya ce ka riƙa ziyartar abokan marigayin, ni zan ƙara da cewa ka tafi da wayarka, ka nemi izininsu ka ɗauki muryarsu. Ka tambaye su wanda ya koya masa dukanci, da yadda suka yi a yunwar 1984, da inda suke kai takalma da jakunkuna a da. Ka ajiye a wuri biyu, ka ba ƴan'uwanka mata su ma su riƙe, saboda waya tana faɗuwa ko a sace ta. Ka fara da wanda ya fi tsufa a cikinsu, kuma kada ka je hannu sake, ka riƙe goro.