Shafin intanet na shagon atamfa: me zan sani kafin in biya mai haɗawa?

Maman_Khadija: Assalamu alaikum. Ina sayar da atamfa da leshi da shadda a Kantin Kwari, galibin cinikina kuma ta WhatsApp ne. Ina so a yi wa shagon shafin intanet, masu saye daga Abuja da Kaduna su riƙa ganin kaya da farashi. Wani yaro ya ce kuɗi kawai zan ba shi, zai haɗa komai. Me ya kamata in sani?

Malam_Auwal: Wa alaikumus salam Hajiya. Abu uku za ki biya wa kuɗi, kada a dunƙule miki su. Akwai adireshin shafin, wato domen, akwai hostin, wato hayar wurin da shafin zai zauna, sai kuɗin aikin mai haɗawa. Na farko da na biyu duk shekara ake sabunta su.

Domen mai ƙarewa da .com.ng yana ƙarƙashin NiRA, ƙungiyar da ke kula da adiresoshin intanet na Najeriya, ana saye ta hannun kamfanonin da ta amince da su, jerinsu na nan a shafinta. Inda ake yawan cuɗewa shi ne mai aikin ya yi rajista da imel ɗinsa. To, a takarda shafin nasa ne. Ranar da kuka saɓa ko ya canza layi, ba ki da ikon sabuntawa, wa'adi ya cika, shafi ya mutu, daga baya wani ma na iya saye sunan. Ki buɗe asusun da imel ɗinki da lambarki, ki biya da katinki, sannan ki ba shi damar shiga. Kada ki cika masa kuɗi sai ya miƙa miki kalmar sirri ta hostin da ta shugaban shafin a WordPress, manhajar da ake gina shafin da ita, kin shiga da kanki kin gani. Wajen zaɓen suna kuma a guji ƙ da ɗ da ɓ, wahalar da mai bugawa za su yi.

Zainab_Zariya: Ƙari a kan na Malam: hotuna ne ke kashe shafin masu sayar da yadi. Hoton waya ɗaya kan kai megabait 3 zuwa 5. A jera talatin a shafi guda, mai ƙaramar data ya gaji da jira ya fita. A rage faɗin kowanne zuwa fiksel 1200, a mayar da shi WebP, wani nau'in hoto mara nauyi, nauyinsa kada ya wuce kilobait 200. Ki ɗauki hoton a hasken rana, a inuwa, domin farin ƙwan shago na canza launin shadda, kaya su isa a ce ba shi aka gani ba. Kowane zane a ba shi lamba, a rubuta yadi nawa ne a turmin. Kuma a wayarki za ki gwada shafin, da data, ba a kwamfutarsa ba.

Malam_Auwal: Batun karɓar kuɗi fa, Hajiya Zainab? Ni da WooCommerce zan ce a fara, wato manhajar da ke ƙara wa shafin WordPress kwandon saye da wurin biya.

Zainab_Zariya: A nan ban bi ka ba, Malam. Mai sayen atamfa sai ta yi tayi, sai ta ce a turo bidiyo. Maɓallin WhatsApp a ƙarƙashin kowane zane ya wadatar da farko: wa.me/ sai 234 da lambar, a cire sifirin farko. Idan an bar sifirin ba zai buɗe ba. In ciniki ya kankama a ƙara WooCommerce da Paystack ko Flutterwave, kamfanonin karɓar kuɗi ta intanet, amma a san suna cire kasonsu a kowane ciniki, sai a lissafa shi cikin farashi. Rajistar CAC, hukumar yi wa kasuwanci rajista, na sauƙaƙa buɗe cikakken asusun kasuwanci da su. Wanda ya sa kwandon saye kuma dole ya riƙa cire abin da ya ƙare, in ba haka ba a biya kuɗin zanen da babu shi.

Maman_Khadija: Allah ya saka da alheri. Ya kuma ce zan biya kuɗin "tsaro" daban, gaskiya ne?

Malam_Auwal: SSL yake nufi, shaidar tsaron shafi, abin da ke sa adireshi ya fara da https. Yawancin masu hostin na bayar da na wata ƙungiya mai suna Let's Encrypt kyauta, yana sabunta kansa, ki tambaye su kafin ki biya ko sisi. Idan an haɗa domen da hostin shafin bai buɗe nan take ba, kada ki damu, yakan ɗauki har awa 48 kafin ya bayyana ko'ina.