Shin digirin lissafi yana biyan bashinsa da kansa?

Baban ɗalibi: Jama'a, ku taya ni dubawa. Ɗana ya samu gurbin karatun lissafi a wata jami'a a Ingila, kuma ya cancanci bashin karatu na gwamnati. A farashin shekarar karatu ta 2025/26, kuɗin makaranta fam 9,535 ne a shekara, shekara uku fam 28,605 ke nan, ban da bashin abinci da masauki. Ƙanena ya dage cewa duk wanda ya karanta lissafi ba ya tsoron bashi, wai albashinsa kaɗai zai share shi cikin 'yan shekaru. Ni kuwa tun da ya faɗa hankalina bai kwanta ba.

Mai aikin inshora: Alhaji, ƙanenka yana da gaskiya. Ni lissafin na karanta, kuma da shi nake ci yau. Bankuna, kamfanonin inshora, masu rubuta manhaja, masu nazarin bayanai, duk suna neman irin wannan yaro. A binciken da cibiyar nazarin tattalin arziki ta Birtaniya, Institute for Fiscal Studies, ta fitar a 2020, kusan kashi 80 cikin 100 na masu digiri sun fi samun kuɗi a tsawon rayuwarsu fiye da a ce ba su je jami'a ba. Lissafi kuwa yana cikin fannonin da ke sama da matsakaici.

Malamar sakandare: Malam, ka karanta rabin shafin ka bar rabi. Binciken nan da kansa yana nufin ɗaya cikin biyar bai ci riba ba. Kuma matsakaicin albashi yana ɓoye abu da yawa. A ajinmu, 'yan kaɗan sun shiga harkar hada-hadar kuɗi suna ɗaukar ninkin abin da muke ɗauka, su ne suka ja lambar sama. Mu da muka riƙe alli digiri ɗaya gare mu da su. Ina son aikina har zuciyata, amma kada a nuna wa yaro albashin wani a ce masa nasa ne.

Mai aikin inshora: Ai zaɓi kika yi, Malama, ba digirin ne ya gaza ba.

Malamar sakandare: To da can ai maganar ita ce digirin ne ke biya "da kansa". Idan sai an zaɓi aiki guda ko biyu sannan ya biya, aikin ne ya biya. Ga wani abu kuma: yaran da ke shiga lissafi galibi tun a sakandare sun yi fice. Da sun karanta injiniyanci ko tattalin arziki, da ma za su samu. Wani ɓangare na albashin nan na yaron ne, ba na takardar ba.

Akanta mai ritaya: Ku dakata, 'ya'yana. Kuna ta auna jimillar bashi da jimillar albashi kamar bashin banki ne, alhali a Ingila ba haka yake tafiya ba. Waɗanda suka fara karatu daga Agustan 2023 suna kan tsarin da ake kira Plan 5. Ba ka biyan ko kwabo sai albashinka ya haura fam 25,000 a shekara, sannan a cire kashi 9 cikin 100 na abin da ya haura ɗin kawai. Mai samun 35,000 zai biya 900 a shekara, wato 75 a wata, ko bashinsa 30,000 ne ko 60,000. Abin da ya rage bayan shekara 40 a yafe shi. Saboda haka mai babban albashi zai gama da wuri, mai ƙaramin albashi ba zai biya abin a zo a gani ba. Wanda ya fi jin jiki shi ne na tsakiya, irin Malama: ana yanka masa wata bayan wata har furfura ta fito.

A Amurka labarin daban ne. A ce ka ci dala 30,000 da ruwan kashi 6 cikin 100 a tsarin shekara 10: kusan dala 333 ce duk wata, jimilla kusan 40,000. Kuma ko kotu ta tabbatar da karayar arzikinka, da wuya a sauke maka bashin karatu.

Baban ɗalibi: Baba, Allah ya saka da alheri, yanzu na fara gani. Amma kuɗin ruwan fa? Shi ne ya fi tsaya mini a rai.

Akanta mai ritaya: Yana nan. A Plan 5 ana ɗora shi daidai da hauhawar farashi. Tun 2013 David Cameron, Firaministan Birtaniya na lokacin, ya yi alkawarin tsarin da ba ruwa a ciki domin ɗalibai Musulmi, aka shafe fiye da shekara goma ana jira. Wannan ka kai wa malaman da ka yarda da su, ba aikin akanta ba ne.

Malamar sakandare: Kafin duk wannan, Alhaji, ka tambayi yaron me yake son yi da lissafin. Kuma ya sani cewa na jami'a kafa hujja ne shafi bayan shafi, ba warware tambayoyin da ya saba ba. Wanda ya bari a shekara ta biyu yana fita da bashi ba takarda.

Baban ɗalibi: Koyarwa yake cewa yana so, tun yana ƙarami. Yau da daddare zan zaunar da shi mu buga lissafin da albashin malami.