Me ya kamata a rubuta a jikin ƙullin iri kafin a ajiye ko a ba wani?

Uwargida Mai Lambu:

Assalamu alaikum. Tambayata ga masu ajiye irin kayan lambu ce. Mukan yi musayar iri da maƙwabta, amma yawanci ƙulli ne ke zuwa a leda, an rubuta "barkono" ko "wake", wani ma babu rubutun sam. Me da me ya kamata a rubuta, kuma da me za a rubuta don kada ya goge kafin lokacin shuka?

Ɗan Fadama:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Rubuta "wake" kaɗai da rashin rubutun duk ɗaya ne, domin ido ma ya ga wake ne. Abin da ido ba ya gani shi ake rubutawa. Kanannado, waken gargajiya, ba ya fure sai yini ya fara gajarta wajen ƙarshen damina, alhali akwai ingantaccen wake da ke nuna cikin kwana 60 zuwa 70. Wanda ya shuka kanannado yana zaton ɗan gaggawa ne, zai yi ta kallon yaɗo da ganye har ya ɗauka taki ne ya yi yawa. Haka tattasai da shambo, da wuya a bambance irinsu a tafin hannu. Jan zoɓo da fari ma sai sun fito ake ganewa.

Saboda haka a fara da cikakken suna. In na gargajiya ne, a sa sunan da ake kiransa da garin da ya fito, tunda suna ɗaya kan hau iri biyu a garuruwa daban. In ingantacce ne, a kwafi sunan da lambarsa yadda suke. Irin da cibiyar bincike ta IAR Samaru ta fitar yana farawa da SAM: SAMPEA wake, SAMNUT gyaɗa, SAMMAZ masara, SAMSORG dawa. Lambar da ke biye ita ce ainihin sunan, in aka yar da ita an yar da komai. Tumatir kuma a rubuta sunan irin, kamar UC82B ko Roma VF, ba "na gwangwani" ba.

Sai wata da shekarar da aka cire irin. Ranar da aka ba ki ba ta da amfani, shekarun irin ake nema. Irin albasa, ko da 'yar Galmi ce, ƙarfinsa na raguwa sosai bayan shekara ɗaya, musamman a ɗaki mai zafi. Na tumatir yakan kai shekara uku zuwa huɗu in ya bushe da kyau.

Malamin Gona:

Ɗan Fadama ya yi bayani, amma ya tsallake abu biyu da suka fi jawo rigima.

Na farko, asalin uwar. In daga fakiti mai alamar F1 aka shuka, wato irin da aka samu ta barbarar iri biyu daban, irin da aka cire daga 'ya'yansa ba zai maimaita uwar ba: wani dogo, wani gajere, 'ya'yan ma kowanne da kamarsa. Ba laifi a ba wani, amma a rubuta "an cire daga F1". Haka in tattasai ya tashi kusa da barkono mai yaji, ƙudan zuma na iya yi musu barbara, sai tattasan baɗi ya fito da yaji. Masara ta fi kowa wannan hali, tunda iska ke ɗaukar mata garin fure. A ƙara layi ɗaya: "an shuka kusa da kaza."

Na biyu, magani. Duk irin da aka cuɗa da maganin feshi ko na gari, a rubuta GUBA da manyan baƙaƙe, da sunan maganin. Kada a dogara da jan launi ko shuɗin da ke jikinsa, ba kowane mai girki ko yaro ya san ma'anarsa ba. Wake da gyaɗa da masara ne abin tsoro a nan, domin su ake iya kaiwa tukunya.

Kafin a bayar kuma a gwada. Ƙwaya 20 a jiƙaƙƙen tsumma, a naɗe, a sa a leda a inuwa, a riƙa duba danshi. Bayan kwana 7 zuwa 10 a ƙirga (barkono a ba shi mako biyu, ba ya sauri). In 16 suka tsiro, kashi 80 cikin 100 ke nan. A rubuta sakamakon da ranar gwajin. In bai kai rabi ba, mai karɓa ya san zai ninka iri a rami.

Baba Mai Reno:

'Yata, kan abin rubutu: fensir. Biro na narkewa in danshi ya taɓa takarda, tawadar alƙalamin maka kuma rana na cinye ta cikin 'yan makonni in a waje take. Takarda biyu ake yi, ɗaya cikin kwalbar ajiya tare da irin, ɗaya a manne a jikinta. Kada a rubuta a murfi, murfi na musanyuwa ranar da aka buɗe kwalba uku a lokaci guda.

A fangali kuwa kwali da katako abincin gara ne. A yanka gwangwanin lemo, a shimfiɗa shi a kan kwali, a danna rubutu da mataccen biro har ya shata, a huda a ɗaura da waya a jikin tsinke. Ruwa ba ya goge shi. A kafa alamar tun kafin a zuba irin, domin da zarar an rufe ƙasa fangali huɗu sun zama iri ɗaya.

Uwargida Mai Lambu:

Na gode, Allah ya saka da alheri. To waɗanda ke hannuna babu suna fa, Baba, in zubar?

Baba Mai Reno:

A'a, kada ki zubar. Ki ba kowane ƙulli lamba, ki rubuta "ba a san suna ba" da wanda ya kawo. Ki shuka kaɗan a gefe, nesa da wanda kike son cire iri daga gare shi, ki rubuta ranar shuka, ranar fure da kamannin 'ya'yan. Abin da kawai ba a yi shi ne ƙaƙaba masa sunan da ake zato, domin wanda kika ba shi zai miƙa wa wani da wannan sunan. In wake ne ko gyaɗa kuma ba ki san ko an sa musu magani ba, ki ɗauka an sa.