Ta yaya jijiyar ido ke gane hanyarta zuwa ƙwaƙwalwa?

Assalamu alaikum malamai da 'yan uwa ɗalibai. Ni ɗaliba ce a fannin ilimin sassan jikin ɗan Adam, ina zaune a Samaru, Zariya. Yau kwana uku ina kan shafi ɗaya, na cika takardu da zane har biro ya ƙare, abin ya ƙi zama, ga jarrabawa ta ƙarato.

Na gane cewa zaren jijiya mai tsirowa yana da kai mai 'yan yatsu da ke lalube, wanda masanin jijiyoyi Cajal ya bayyana a 1890. Na kuma fahimci gwajin wani masanin, Sperry: ya yanke jijiyar idon kwaɗo, ya juya idon, amma zaruruwan suka sake tsirowa suka koma mazauninsu na asali a ƙwaƙwalwa, har kwaɗon ya riƙa kai wa ƙuda sura ta inda ba ya nan.

Inda na maƙale shi ne mahaɗar jijiyoyin idanun biyu. Zaruruwan ɓangaren idon da ke kusa da hanci suna tsallakawa zuwa ɗaya gefen ƙwaƙwalwa, na ɓangaren kunne kuma ba sa tsallakawa, domin wani furotin da ke mahaɗar, ephrin-B2, yana korar zaruruwa masu ɗauke da furotin EphB1, wanda ke gane shi. To, me ya sa wasu suka ɗauki EphB1 tun farko, wasu ba su ɗauka ba? Waɗanda suka tsallaka kuma, me ke hana su juyowa?

Don Allah a taimaka mini da bayani mai sauƙi, ko da zane ne a takarda.