Shin cinye burtali ne ya raba makiyayi da manomi?

Mai Albasa, kasuwar Mile 12 a Legas: Jama'a, jiya a rumfa wani ya dage wai rigimar makiyaya da manoma duk laifin manoma ne, su suka cinye burtali. Ban yarda ba. Bara cikin dare aka kora shanu gonar babana, dawa ta nuna, saura kwana kaɗan a yanka. Da safe sai kara a kwance da kashin shanu. Wane burtali ne ya ratsa tsakiyar gonarmu?

Baba Dillali, Oko-Oba: Ɗana, Allah ya mayar da alheri, wanda ya yi wannan azzalumi ne. Amma tambayi babanka. Da can bayan girbi manomi ne ke bin Arɗo da goro, yana roƙon a sauka a gonarsa. Shanu su ci kara su bar taki, matan ruga su kawo nono su tafi da gero. Da takin zamani ya zo, aka daina bukatarmu, mu makiyaya. Fadamar da muke shayarwa da rani ta koma albasa da tumatir, irin wanda kake sayarwa.

Mai Albasa: Baba, to mu bar noman rani mu ci me?

Baba Dillali: Ban ce ku bari ba. A bar mana hanyar zuwa ruwa. Tun 1965 gwamnatin Arewa ta yi dokar keɓe filayen kiwo, je ka duba yawancinsu yau, gonaki ne da gidaje.

Hajiya, Idi-Araba: Ni abin da ke damuna daban ne. A 2021 gwamnonin Kudu suka haɗu a Asaba suka hana kiwon sake, Gwamna Sanwo-Olu ya sa hannu a dokar Legas a watan Satumba. Binuwai ta riga su tun 2017. Kuma a nan Kudu ba a tsayawa bambance Bahaushe da Bafulatani. Rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, 'yan tumatir ya ci, ba masu sanda ba.

Mai Albasa: Hajiya, shi ya sa na ce a killace shanun kowa ya huta.

Baba Dillali: A killace a filin wa? Shirin Ruga na tsugunar da makiyaya da gwamnatin tarayya ta kawo a 2019 ko wata guda ba a yi ana maganarsa ba aka dakatar. Mai saniya talatin, ina zai samo kuɗin dusa da harawa har damina ta faɗi?

Mai Albasa: To dawar babana fa, Baba, wa zai biya?