Ɗan haya ya ƙi tashi: yaya ake fitar da shi bisa doka a Abuja?

Abu_Kubwa:
Assalamu alaikum. Gida ne a Kubwa, ɗan haya yana biya shekara-shekara, babu rubutacciyar yarjejeniya. Mai gidan yana so ya dawo da iyalinsa ciki, ya faɗa masa da baki amma ya ƙi motsi. Wasu sun ce a canza makulli, wasu sun ce a kai shi wurin 'yan sanda. Wace hanya ce doka ta yarda da ita?

Lauya_Wuse:
Wa alaikumus salam, Malam Abu. Don Allah kada a taɓa makulli, kada a cire rufin kwano, kada a yanke masa wuta ko ruwa. Da zarar mai gida ya yi haka, ɗan hayar ne zai kai shi kotu ya nemi diyya, kuma yakan ci nasara. 'Yan sanda ma ba su da hurumin fitar da ɗan haya.

Takardu biyu ake bayarwa kafin a je kotu. Ta farko ita ce notis na tashi. Idan babu yarjejeniyar da ta ƙayyade wani wa'adi, dokar Abuja ta ce mai biyan mako a ba shi mako ɗaya, mai biyan wata a ba shi wata ɗaya, mai biyan wata uku-uku a ba shi wata 3, mai biyan shekara kuwa wata 6 cif. A naku wata 6 ne, kuma ya fi aminci a lissafa wa'adin ya ƙare a jajibirin ranar da shekarar hayarsa ke cika. A rubuta sunansa, adireshin gidan, irin hayar, da ranar tashi.

Idan wa'adin ya cika yana ciki, sai takarda ta biyu: notis na kwana 7, wadda ke sanar da shi cewa mai gida zai shigar da ƙara don karɓar gidansa. Kwana 7 cikakku, ba a lissafa ranar da aka miƙa ta. Daga nan sai kotu, a nemi gidan, da bashin haya, da kuɗin zaman da ya yi bayan wa'adi. Bayan hukunci, ma'aikatan kotu ne ke fitar da kaya, ba mai gida ba.

Hajiya_Dillaliya:
Ƙari a kan bayanin Barista: inda aka fi faɗuwa shi ne miƙa takardar. A ba shi hannu da hannu, ya sa hannu a kwafi da kwanan wata. In ya ƙi karɓa, a je da shaida, a liƙa a ƙofa, a ɗauki hoto. Sannan idan wakili ko lauya ne zai sa hannu a notis ɗin, mai gida ya ba shi izini a rubuce tun kafin nan, domin lauyan ɗan haya zai tambaya a gaban alƙali.

A adana duk rasit. Tunda babu yarjejeniya, su ne za su nuna cewa hayar ta shekara ce da kuma ranar da ta fara.

Lauya_Wuse:
Gaskiya ne, Hajiya. A 2021 Kotun Ƙoli, a shari'ar Pillars da Desbordes, ta sassauta a kan kurakuran notis idan an riga an shigar da ƙara, amma ban ba kowa shawarar ya jingina da wannan ba. Gyara tun farko ya fi ɗage zaman kotu wata da watanni. Kuma kowace jiha da dokarta: Legas tana amfani da ta 2011, inda fitar da ɗan haya da ƙarfi ke jawo tarar da ta kai naira 250,000 ko ɗaurin wata 6. Wanda gidansa ke Kano ko Kaduna ya duba dokar jiharsa kafin ya rubuta takarda.